Filin da Ba a Auna Ba: Yadda Wani Sashen Kimiyyar Motsin Jiki a Legas Ya Sake Salon Jarraba Ɗaliban Digiri na Biyu

Sashen da wannan nazari ya shafa yana wata jami'a a Legas, ƙarƙashin tsangayar ilimi, yana koyar da kimiyyar motsin jiki da wasanni. Ba zan kama sunansa ba. Yawancin masu digiri na biyu a wurin ba yara ba ne. Akwai malaman motsa jiki na makarantun sakandare, akwai masu horar da 'yan wasa waɗanda wasunsu suka bi ta Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa da ke cikin babban filin wasa na Surulere, akwai ma'aikatan gidajen motsa jiki na Ikeja da Lekki, sai 'yan ɗamara ɗaya-biyu masu kula da atisaye a bariki. Kowa da aikinsa, kowa da iyalinsa. Lakca ta fi yawa da yamma da ranar Asabar, mutum ya taso daga Agege ko Ikorodu, ya sha gosulo, ya iso aji a jigace.

Rabon maki kuwa irin wanda aka saba ne a jami'o'in ƙasar nan: kashi 70 na jarrabawar ƙarshen zango, kashi 30 na ayyukan cikin zango, wanda ya kai 70 jimilla ya ci A. A takarda an ce kashi 30 ɗin nan ya haɗa da aikin hannu a ɗakin gwaji. A aikace, rubutun gida ne guda ɗaya da gabatarwa ta rukuni, inda mutum ɗaya zai kwana yana haɗa komai a kwamfuta, sauran su turo masa suna da lamba. Ɗakin gwajin yana nan, amma an fi buɗe shi idan tawagar tantancewa ta Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa za ta zo.

Ranar kare kundi

Abin ya fashe ne a kan kundin wani ɗalibi da zan riƙa ce wa Ɗan Agege. Haifaffen unguwar ne, iyayensa mutanen Katsina, malamin motsa jiki ne a wata sakandare. Ya zaɓi batu mai kyau: ƙarfin zuciya da huhu na 'yan damben gargajiya da ke wasa a Agege. Yana da ƙofar shiga da wani ba shi da ita, domin kawunsa mahauci ne a mayankar Oko-Oba, dambe kuma tun asali wasan mahauta ne. Ya zauna da masu gidan dambe, ya nemi izini yadda ya kamata, aka ba shi samari.

Gwajin da ya yi amfani da shi sananne ne, na Kenneth Cooper, likitan sojan saman Amurka, wanda ya fito da shi a 1968. Mutum ya yi gudu na minti 12, a auna nisan da ya ci da mita, a cire 504.9, a raba da 44.73. Abin da ya fito shi ne ƙiyasin ƙololuwar iskar oksijin da jikinsa ke iya amfani da ita, mililita nawa a kan kowane kilo na nauyinsa a minti ɗaya. Ba ya buƙatar wutar lantarki ko na'ura mai tsada, shi ya sa ɗalibanmu ke son sa. Agogo da fili kawai. Sai dai duk lissafin a kan nisan nan ya rataya.

Farfesar da aka gayyato daga wata jami'a don kare kundin, dattijuwa ce marar yawan magana. Ta buɗe babi na huɗu, ta daɗe a kan jadawali ɗaya. Alƙaluman 'yan damben sun doshi 70, wato sun kusa taka sahun masu gudun dogon zango na Kenya da Habasha. Ba ta ce ƙarya ba ne. Tambaya ta yi: filin da suka yi gudun, wa ya auna shi?

Ɗan Agege ya ce filin ƙwallon makarantarsu ne, kuma ai zagaye ɗaya mita 400 ne.

Zagayen mita 400 na hanyar gudu ne ta filin tsere, wadda ke kewaye filin ƙwallo daga waje, a layi na farko. Filin ƙwallon da ya cika ƙa'ida, mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68, in ka bi farin layinsa mita 346 ne. Mu ɗauka ɗan dambe ya yi zagaye tara. In an lissafa da 400, ya ci mita 3,600, sakamakonsa ya haura 69. In an lissafa da 346, mita 3,114 ya ci, sakamakonsa 58 da 'yan kai. Wannan in filin ya cika ke nan, kuma in masu gudun ba su yanke kusurwa ba. Filin makaranta a Agege, inda aji ya ci gefe ɗaya, katanga ta ci ɗaya, da wuya ya cika. Da aka je da tef daga baya, bai cika ɗin ba.

Farfesar ta ƙara wasu tambayoyi, kowace ta fi ta baya nauyi. Dambe turmi uku ne, ana jan ƙafa ana auna juna, sai a kai naushi cikin ƙiftawar ido. To gudun minti 12 shi ne abin da ya fi bayyana ƙarfin ɗan dambe? Kafin ya sa su gudu, ya tambaye su lafiyarsu? Ya auna jininsu? Da wane lokaci aka yi, da safe ko da rana ta take, a garin da gumi ba ya bushewa a jiki saboda laimar iska? Amsoshin ba su yi daɗin ji ba. Aka ce ya koma ya sake tattara bayanai.

Me makin ya auna?

Abin da ya hana maganar mutuwa a nan shi ne takardar sakamakonsa. Ɗan Agege A ya ci a kwas ɗin gwaji da awo. Shugaban sashe ya sa aka zaro takardar jarrabawarsa daga ma'ajiya. Yaron ya rubuta shafi biyu masu kyau a kan bambancin gwaji mai auna abin da aka ce yana aunawa da gwaji mai ba da sakamako iri ɗaya in an maimaita. Ya kawo lissafin Cooper daidai, har da ɗigo. Ba satar amsa ya yi ba, kuma wanda ya duba takardar bai yi masa alfarma ba.

A taron malamai an rabu biyu. Wasu suka ce laifin ɗalibi ne da malamin da ke duba kundinsa, a ja musu kunne a wuce. Akwai gaskiya a ciki, domin mai duba kundi ya ga jadawalin nan kafin kowa. Amma wata malama mai koyar da yadda jiki ke aiki lokacin motsa shi ta ce a nuna mata wuri ɗaya, tun daga ranar da ɗalibin ya shigo har ranar kare kundi, inda wani malami ya tsaya ya ga ya riƙe tef, ko ya ɗaura wa mutum abin awon jini. Babu. In haka ne, duk wanda ya fita daga sashen da A zai iya yin irin wannan, bambancin kawai ba kowa ke haɗuwa da mai tambayar filin ba.

Ta kawo tsarin George Miller na 1990, wanda malaman likitanci suka daɗe suna aiki da shi. Hawa huɗu ne: ɗalibi ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna a gaban mai jarrabawa, sannan ya aikata a bakin aiki ba mai kallonsa. Jarrabawar takarda tana kai wa hawa na biyu, nan ta tsaya. Maganin da ta ba da shawara shi ma daga likitoci aka aro, wato jarrabawar tasha-tasha da Ronald Harden da abokan aikinsa suka bayyana a 1975 a Dandi ta ƙasar Sikotilan: ɗalibi yana zagaya tashoshi, a kowace akwai aiki guda da zai yi da hannunsa cikin ƙayyadadden lokaci, mai jarrabawa na zaune da takardar ma'auni.

A ganina ta fi su hujja. Mutumin da zai fita ya sa 'yan makaranta ko dattawa masu hawan jini gudu, bai kamata a ce shaidar ƙwarewarsa ita ce iya rubutu kaɗai ba.

Tashoshin

An yi jarrabawar tasha-tashar ranar Asabar, a ɗakin gwaji da farfajiyarsa, minti goma kowace tasha, ana busa usur a sauya. An gayyato tsofaffin ɗalibai su taya zama, ni ma ta nan na shigo. Akwai tashar fili, inda ake ba ɗalibi tef da alamomi ya fitar da mita 20 na gwajin kai-da-komo, wanda ake gudu tsakanin layi biyu. Akwai tashar da ake miƙa masa jadawalin sakamako da aka dasa wa kuskure, a ce ya faɗi abin da bai gamsu da shi ba. Waɗannan ba su ba da wahala ba.

Tashar awon jini ce ta tona asiri. Ƙa'idar ba ɓoyayya ba ce: mutum ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, damtsensa daidai da zuciyarsa. Maɗaurin ya dace da kaurin hannu, domin in ya yi ƙanƙanta a damtse mai kauri, irin na ɗan dambe ko mai ɗaga ƙarfe, awon zai nuna hawan jinin da babu shi. A saki iska a hankali, ɗigo biyu zuwa uku a daƙiƙa. An aro abin sauraron ƙirji mai kunnuwa biyu-biyu, mai jarrabawa yana jin abin da ɗalibi ke ji. An ajiye maɗauri biyu a kan tebur, babba da ƙarami, an zaunar da wani ƙaton mai horar da 'yan wasa. Ɗalibai da dama suka ɗauki wanda ya fi kusa da hannunsu. Wani ya murɗe makunnin iskar gaba ɗaya, allura ta zube ƙasa fuu, ya ɗago da fara'a ya ce 120 a kan 80. Mai jarrabawa bai ji komai ba, shi ma ɗalibin bai ji ba. Lambar da ke cikin littafi ya faɗa. Janareton sashen makwabta na ta ruri a bayan taga, dole aka mai da tashar can ƙuryar ɗaki.

Tashar gaggawa ba ta buƙaci dogon bayani ga mutanen Legas. A filin wasa na Surulere ne Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ranar 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasan Najeriya da Angola na neman gurbin Kofin Duniya, bai tashi ba. A watan Yunin 2021 kuwa Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a fili a Kofanhegan, aka danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu har ya koma wasa. A tashar an shimfiɗa mutum-mutumin koyo da aka aro, aka ce wa ɗalibi ɗan wasanka ne ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi. Abin da ake nema: ya tura wani takamaimai ya kira agaji, ya fara danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, dannawa 30 hura numfashi 2. Abin da aka fi gani: a nemo ruwa, a yi fifita da riga, a ɗaga ƙafafu sama. Waɗannan mutane ne da kowace rana suke tsaye a kan yara masu gudu.

Tashar magana

Nan aka fi kai ruwa rana, kuma nan na zauna. Harshen jarrabawa a jami'a Turanci ne. Amma waɗanda ɗaliban za su auna a waje, 'yan dambe, 'yan dako na kasuwar Mile 12, matan unguwa, da Yarbanci ko Hausa ko Turancin buroka za a yi magana da su. Sai aka ce ɗalibi ya zaɓi harshen da zai yi bincikensa da shi, a zaunar masa da mai jin harshen, ya tantance lafiyarsa kafin gwaji, ya bayyana masa abin da za a yi, ya nemi yardarsa.

Na Hausa wani tsohon ɗan dambe ne da ya ajiye zare, yanzu yana sayar da nama. An shirya da shi cewa yana da ciwon ƙirji in ya yi aikin ƙarfi, amma kada ya faɗa sai an tambaye shi ta hanyar da zai iya amsawa. Ɗalibi na farko ya ɗauko takardar tambayoyin lafiya yana fassarawa layi-layi.

"Baba, kana da ciwon zuciya?"

"A'a, ɗana. Lafiyata ƙalau, alhamdulillahi."

Ya sa alama ya wuce. Da a ce da gaske ake yi, da ya sa dattijon gudu.

Wata ɗaliba, matar aure mai koyarwa a makarantar 'yan mata a Idi-Araba, ta gaishe shi har da tambayar iyali da kasuwa, sannan ta ce, "Baba, in ka hau gadar tsallaka titi ta Oshodi, kana kaiwa sama ba ka tsaya ba?"

"Kai, 'yata, sai na tsaya a tsakiya. Ƙirjin nan ya riƙe kamar an ɗora mini dutse."

Ta ajiye biro ta ce yau ba gudu, sai ya ga likita, ta kuma bayyana masa dalili ba tare da ta tsorata shi ba. A jarrabawar takarda matar nan C take ci.

Wani abu da tsohon ya koya mana, ba ya cikin takardar ma'auni. Akwai ma'aunin Borg, mai lambobi daga 6 zuwa 20, da ake nuna wa mai motsa jiki ya faɗi yadda yake jin wahala. Ya ce in kun tambayi ɗan dambe a gaban abokansa, ko numfashinsa na fita da ƙyar ƙaramar lamba zai nuna, don ba a san namiji da cewa ya gaji ba, balle ga 'yan wani ɓangare suna kallo. A ja shi gefe, a kuma haɗa da ƙidayar bugun jijiya. An ƙara wannan cikin abin da ake dubawa.

Wasu malamai sun yi ƙorafi cewa Bahaushe ya jarraba Bahaushe da harshen da sauran ba sa ji, ƙofar son kai ce. Ban ga laifinsu ba, kuma haka abin yake ga Yarbanci. Aka yanke cewa a naɗi tashar da waya, wani mai jin harshen na biyu, wanda bai san ɗalibin ba, ya ba da nasa makin daban. Ita ɗalibar Idi-Araba ta nemi a ba ta mace a tashar awon kitsen jiki, tunda ana kama fata ne a wurare irin cinya da saman ƙugu. An ba ta, aka kuma mai da shi ƙa'ida ga kowa: mace ta auna mace, namiji ya auna namiji.

Inda sabon tsarin ya yi tuntuɓe

Masu jarrabawa ba su daidaita ba. Mutum biyu su kalli ɗalibi ɗaya, wannan ya ce ya yi, wancan ya ce bai yi ba, domin takardar ta ce "ya ɗaura maɗauri daidai" ba ta faɗi mene ne daidai ba. Sai da aka zauna aka kalli bidiyon wasu ɗalibai tare, kowa ya ba da maki a ɓoye, aka buɗe aka yi musu, aka sake rubuta layukan da abin da ido ke iya gani.

Ɗalibai kuma ba su yi barci ba. Waɗanda suka fara fitowa suka tura wa na layi komai ta WhatsApp, zagaye na biyu kowa ya san kuskuren da aka dasa a jadawali. Daga baya aka riƙa karɓe wayoyi ana tsare waɗanda suka gama a wani aji. Da takardar ma'auni ta bazu, sai hadda ta dawo ta bayan gida: ɗalibi ya shigo yana rerawa da baki, na wanke hannu, na gaishe shi, na nemi izini, hannunsa bai yi ko ɗaya ba. Aka ƙara layi guda a ƙasan kowace takarda, inda mai jarrabawa zai amsa: za ka bar wannan ɗalibi shi kaɗai da ɗan wasanka? Wannan layi ya fi sauran rarrabe mutane, ko da yake shi ne ya fi dogara da ra'ayin mai kallo, shi ya sa ba a yarda ya kayar da ɗalibi sai mutum biyu sun haɗu a kai.

Babbar matsalar lissafi ce. Tashoshin duka a cikin kashi 30 suke. Ɗalibin da ya kasa danna ƙirji, ya kasa awon jini, in ya kwashi 55 cikin 70 a takarda ya haye, tunda 50 ake nema. Sauya rabon maki ba a hannun sashe yake ba, sai ya bi ta makarantar karatun gaba da digiri da majalisar malaman jami'a, kuma takarda in ta shiga can ba ta gaggawa. Shugaban sashe ya nemo abin da ke hannunsa. Ba ɗalibin da ke fita tattara bayanai sai da wasiƙar gabatarwa daga sashe. Ya ce daga yanzu ba zai sa hannu a wasiƙar ba sai ɗalibi ya ci tashar gaggawa, da tashar magana, da tashar duk wani awo da ya rubuta zai yi a kundinsa. Wanda ya faɗi ya sake bayan 'yan makonni, ba kariyoba, ba ƙarin kuɗi. Wannan dabara ta yi aikin da maki bai yi ba, domin ba wanda ke son zango ya wuce shi yana zaune.

Hawa na huɗu na Miller, abin da mutum ke yi in ba mai kallo, har yanzu ba a kai gare shi ba. An gwada littafin aikin fili da shugaban wurin aiki zai sa wa hannu, sai aka ga wasu an sa musu hannun wata uku da biro ɗaya a zama ɗaya. Yanzu ana neman ɗan gajeren bidiyo na ranar tattara bayanai, a ga tef a ƙasa, a ga agogo, tare da sakamakon gwajin da aka maimaita wa mutane kaɗan bayan 'yan kwanaki don a ga ko hannun mai awon ya tsaya.

Ɗan Agege ya yi asarar zango guda. Wasu daga cikin samarinsa sun riga sun tafi wasa Arewa, sai da ya nemo wasu. Kai su Surulere don hanyar gudu ta ƙa'ida ya fi ƙarfin aljihunsa, don haka ya koma gwajin kai-da-komo na Luc Léger, ɗan Kanada: layi biyu tsakaninsu mita 20, ana bin ƙarar na'ura, a fara da gudun kilomita 8.5 a awa, kowane minti a ƙara rabin kilomita har mutum ya gaza. Ya auna mita 20 ɗin da tef na ƙarfe, ya yi gwajin bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, ya auna jinin kowa da babban maɗauri. Ya kuma ƙara awon ƙarfin damƙa, yana kwatanta hannun da ake naɗe wa zare da hannun kariya. Alƙalumansa na biyu sun sauko inda hankali zai ɗauka, kundin ya wuce.

Takardar neman a mai da rabon maki rabi da rabi a kwasa-kwasan aikin hannu tana gaban kwamiti. Tsofaffin ɗaliban da ke zama a tashoshi ba a biyansu, ko kuɗin mota, kuma wasunsu sun fara ba da uzuri. Mutum-mutumin koyon danna ƙirji har yanzu na aro ne, ranar da masu shi ke da tasu jarrabawar sai a ɗage ta sashen.